Hajiya, ki leƙa tukuna kafin ki ƙwanƙwasa ƙofar banki

Wata Hajiya mai sayar da atamfa, leshi da turaren wuta a Manchester ta aiko mini da wannan tambaya: "Katunan bashi biyu ne a wuyana. Ɗaya fam 3,000, ruwansa kashi 24.9 cikin ɗari a shekara, ɗayan fam 1,800, ruwansa 29.9. Da su na saro kayan Sallar bara. Duk wata ina zuba fam 150, amma bashin kamar an dasa shi. An ce akwai katin da ake kwashe bashi a mayar kansa babu ruwa. Tsorona in nema a hana ni, sunana ya ƙara ɓaci. Yaya zan san ko za a ba ni?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ba idonki ne ke yaudararki ba. A cikin fam 150 ɗin nan, kusan fam 100 kuɗin ruwa ne ke lashewa, hamsin da 'yan kai ne kawai ke taɓa uwar kuɗi. Shi ya sa kike buɗe takardar wata ki ga kamar ba ki biya komai ba.

Katin da aka ba ki labari gaskiya ne, katin sauya wa bashi gida. Sabon banki zai biya tsofaffin katunanki, bashin ya koma hannunsa, ya ɗage miki ruwa na wasu watanni, wani shekara guda, wani shekara biyu, wani ma fiye. A madadin haka yana yankar kuɗin sauyi sau ɗaya, yawanci wajen kashi 3 cikin ɗari.

Tsoronki kuma yana kan hanya. A Birtaniya kamfanoni uku ne ke riƙe da fayil ɗin bashin kowa: Experian, Equifax da TransUnion. Duk sa'ad da kika cike takardar neman kati ta sosai, banki zai yi bincike mai barin sawu, kuma sawun yana zama kimanin shekara guda, kowane mai ba da bashi yana ganinsa. Sawu ɗaya ba komai ba ne. Amma huɗu ko biyar a cikin wata guda, sai a ɗauke ki wadda ruwa ya kai wa wuya, kowa ya rufe ƙofarsa. Na sha ganin 'yan kasuwarmu sun yi wa kansu wannan illa a dare ɗaya: an hana su nan, su faɗa can, an hana su can, su sake faɗawa gaba.

Maganinsa shi ne leƙe. Kusan kowane babban banki yana da shafin gwada cancanta, haka ma shafukan intanet na harkar kuɗi irin su MoneySavingExpert da ClearScore. Za ki sa sunanki, adireshin da kika zauna a shekaru ukun baya da abin da kike samu, su duba fayil ɗinki ta hanyar da ba ta barin sawun da bankuna ke gani. Sai a jero miki katuna, kowanne da lissafin yiwuwar samu: wannan kashi 90, wancan 40, wani ma a ce an riga an amince da ke muddin bayananki sun tabbata. Kyauta ne, ko sau goma kika yi ba abin da zai taɓa ki. Ki ɗauki guda ɗaya mai lamba babba, ki nema sau ɗaya.

Kafin leƙen, ki gyara gida. Ki karɓi rahotonki daga kamfanonin uku, doka ta ba ki shi kyauta, ki duba ko akwai tsohon adireshi ko kwantiragin waya da kika manta. Bashin da aka rubuta kin gaza biya, da hukuncin kotu kan bashi, shekara shida suke yi a fayil, kuma in akwai su, katunan da ke ɗage ruwa na dogon lokaci za su yi wuyar samu. Ki kuma tabbata sunanki yana cikin rajistar masu zaɓe, domin da ita bankuna ke tabbatar da cewa kina zaune inda kika ce. Mutanenmu da yawa ba su san cewa ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama yana da damar yin rajistar ba, saboda ƙasashen suna cikin Kwamanwel.

Wurin da aka tambayi abin da kike samu a shekara, ribarki za ki rubuta, wadda kika shaida wa hukumar haraji ta HMRC. Ba jimlar ciniki ba. Kan ɗan kasuwa yakan kumbura a nan, ya rubuta duk kuɗin da suka ratsa ta asusunsa. Ƙarya a takardar neman bashi laifi ne, kar ki kusance ta.

Abu biyu kuma da ke tuntuɓe da mutane. Ba a kwashe bashi tsakanin katunan gida ɗaya: HSBC da First Direct da M&S Bank 'yan ɗaki ɗaya ne, haka NatWest da Royal Bank of Scotland. Sannan in talla ta ce "har zuwa wata kaza", to ana iya amincewa da ke a ba ki ƙasa da haka.

Yanzu ɗauko biro. Bashinki fam 4,800, kuɗin sauyi fam 144, jimla 4,944. In kin samu wata 24, sai kin riƙa zuba fam 206 duk wata kafin ki fita tas. In kika tsaya a kan 150 ɗinki, wa'adi zai cika da saura fam 1,344, ruwa kuma ya dawo da ƙarfinsa a kan abin da ya rage. Ko hakan ma ya fi inda kike yanzu nesa ba kusa ba, amma ni 206 nake so ki sa a gaba. Hukuncin kuɗin sauyin a shari'a ki kai wa malaminki. Abin da biro ya nuna dai shi ne kuɗin ruwan da kike biya a wata biyu ya fi shi.

Mai yiwuwa kuma iyakar da za a ba ki ba za ta ɗauke duka ba, a ce fam 2,500. Kar ki yi fushi ki ƙi karɓa, sawun ya riga ya zauna. Ki fara kwashe na 1,800 mai ruwa mafi tsada, ragowar wurin ki cika da ɗayan. Ki yi sauyin da wuri, domin yawancin katunan suna ba da kwana 60 ko 90 ne kawai daga buɗewa.

Ranar da katin ya iso, ki ba banki umarnin cire kuɗi kai tsaye duk wata. Saɓa biya sau ɗaya na iya soke rangwamen gaba ɗaya. Daga nan ki jefa shi can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa. Ba na sari ba ne, ba na cirar kuɗi a na'ura ba ne. Tsofaffin katunan ma da suka koma fanko za su riƙa yi miki murmushi idan azumi ya gabato kuma mai leshi ya turo hotunan sabon yayi. A nan ne bashin 4,800 ke zama 9,000. Kayan Sallar bana ki saro su da kuɗin ciniki, ko da rabin na bara ne, ko ki karɓi kafin alƙalami daga masu oda.

In kuwa kin leƙa kin ga duk lambobin ƙasa suke, kar ki nema. Ki kira Business Debtline, masu ba 'yan kasuwa masu zaman kansu shawara kyauta, ko StepChange, ƙungiyar agaji mai ba da shawara kan bashi. Ta hannun irinsu ake shiga tsarin Breathing Space na Ingila da Wales, wanda ke tsayar da ruwa da matsin masu bin bashi har kwana 60. Kafin ki kira, ki tanadi takardun katunan biyu na wata ukun baya da lissafin cinikinki, domin su za a fara tambayarki.