Idan kamfanin ne ke rubuta maka takardar neman biya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka yarda kamfanin da ke samo maka aiki ya riƙa rubuta takardar neman biyanka da kansa, maimakon kai ka rubuta ka tura. Ka yarda, ba laifi. Kuɗi sun fi saurin fitowa, don ba mai dawo maka da takarda wai ka rubuta lamba ba daidai ba, kuma ka huta da zaryar shagon kwamfuta.

Amma da sharaɗi: kai ma ka riƙe naka lissafin. Lokacin da nake haɗa sola tsakanin Jega da Argungu, wani kamfani ya rubuta min kwana 18 alhali na yi 21, kuɗin mota kuwa ko ambatonsa babu. Littafin aljihuna da hotunan aikin da na tura ta WhatsApp su suka cece ni, shi ma sai da na yi sati uku ina bibiya. Saboda haka ka sa a yarjejeniya cewa sai ka duba ka amince kafin su biya, kuma duk harajin da suka cire su ba ka shaidarsa da lambar TIN ɗinka, wato lambarka ta mai biyan haraji, a jiki.