Na taɓa kuɗin zumunta, na roƙi gafara: ya wadatar?

TAMBAYA: Mama, ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu. Shekara biyu ke nan da na ɗebi naira 85,000 daga asusu na biya wa ɗana kuɗin makaranta, da niyyar in mayar bayan girbi. Girbi ya wuce sau biyu ban mayar ba, sai dai in gyara lissafi ranar ba da rahoto. Na sha roƙon Allah gafara da hawaye, amma duk ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, hannuna rawa yake yi. Aro ne fa na yi, ba sata ba. Tun da Allah ya ga zuciyata, dole ne sai na faɗa wa mutane? Daga wata 'yar'uwa a Jihar Filato.

AMSA: 'Yata, na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kowane karo kalma ɗaya ce take tsayar da ni: "aro". Aro sai da sanin mai kaya. Matan da suka tara kuɗin nan, wata daga cinikin ƙosai, wata daga kunun zaki, ba wadda ta ce miki ɗauki ki kawo daga baya. A daren farko wataƙila da gaske kike nufin mayarwa, ban musa ba. Amma ranar da kika tsaya gaban mata kika karanta lissafin da kika san ba haka yake ba, abin ya tashi daga aro. Ki fara kiran abin da sunansa a ɗakinki, ke kaɗai, kafin ki kai shi kunnen kowa.

Ba daga kan tudu nake miki magana ba. Da ƙuruciyata na sayar da hatsi, ina da mudu biyu: ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Ranar Lahadi kuma ni ce a gaba wajen waƙa. Sunan da na sa wa abin shi ne "dabarar kasuwa". Sai da na ji ana karanta Karin Magana 11:1, inda aka ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, sannan sunan nan ya ƙi zama a bakina.

Ki buɗe 2 Sama'ila sura 12. Sarki Dawuda ya ɗauki Batsheba, ta yi ciki, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga, har aka haifi yaron yana nan shiru yana mulkinsa. Annabi Natan ya zo masa da labarin attajiri mai garken tumaki da shanu wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Nan take Dawuda ya husata, ya ce sai mutumin ya biya ninki huɗu. Idonsa garau yake a kan laifin wani. Sai Natan ya ce masa, "Kai ne mutumin!" Dawuda bai kawo hanzari ba, ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. A Zabura 32 kuma ya faɗi yadda shiru yake cin mutum: ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar a tsakiyar bazara. Rawar hannun da kike ji a teburin Ubangiji ita ce wannan. Ni kuwa na gode wa Allah da hannun naki bai daina rawa ba tukuna.

Shin Allah ya gafarta miki? 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawari cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana. Ban isa in rage ko harafi ɗaya daga ciki ba. Amma ki duba ayar da ke gabanta, ta takwas, wadda take magana a kan masu ruɗin kansu. Wanda yake cewa "ka gafarta mini aron da na yi" bai furta ba tukuna. Kuɗin kuma ba na Allah kaɗai ba ne, na matan nan ne. A Littafin Firistoci 6:1-7, wanda ya ci amanar ajiya sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo ragon hadayarsa. Yesu ma a Matiyu 5:23-24 ya ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna.

Kada ki ɗauka sai kin gama biya Almasihu zai karɓe ki. A Yariko, Yesu ne ya fara kiran Zakka, mai karɓar haraji, ya sauko daga kan itace tun bai mayar da ko anini ba. Da ya karɓi baƙon nan a gidansa ne ya tashi da kansa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Almajiranci ke nan kamar yadda na san shi: wanda Yesu ya shiga gidansa yakan fito da abin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado.

Ba na ce ki miƙe tsakiyar sujada ki yi shela ba. A makon nan ki faɗa wa maigidanki, in bai sani ba. Sannan ki nemi shugabar zumunta da matar fasto, ku zauna ku uku, ki ɗauko littafin lissafi na gaskiya, ki nuna musu ranar da adadin. Ki je da abin da kike da shi a hannu, ko naira 5,000 ce, ku rubuta yadda za ki riƙa biyan sauran wata-wata. Ki ajiye ma'ajin da kanki kafin a ce ki ajiye. Mai yiwuwa dattawan ikkilisiya su sa ki ƙarƙashin horo na ɗan lokaci, wasu mata kuma za su yi gutsiri-tsoma. Ba zan ɓoye miki wannan ba, akwai ɗaci. Ki kuma ba su shawara daga yanzu kuɗin zumunta ya zauna a banki da sa hannun mutum biyu, domin wadda za ta gaje ki ita ma tana da 'ya'ya a makaranta.

Idan kin yi zaman nan, ki sake rubuto mini. Ina sa ki cikin addu'ata ta asuba har sai na ji daga gare ki.