Amsa ga Barista mai son tsaya wa mata kyauta a shari'ar aure

Wa alaikumussalam ƙanwata. Kin ce kin gama bautar ƙasa kina so ki riƙa tsaya wa mata marasa hali kyauta a shari'ar saki da riƙon yara, amma kina tsoron kar abin ya fi ƙarfinki. Ki fara wallahi, na daɗe a ciki ban taɓa nadama ba, sai dai kar ki fara ke kaɗai. Ki shiga FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, reshen jiharku ko ki leƙa Legal Aid Council, hukumar gwamnati da tun 1976 take ba marasa hali lauya kyauta, su za su turo miki kes ɗin da aka riga aka tantance. In kika bari lambarki ta zaga unguwa to har sha biyun dare wayarki ba za ta huta ba kuma kowacce kika ji labarinta ba za ki iya cewa a'a ba.

Ni shekarata ta farko na kwashi fayil da yawa, ranar nan kotu biyu suka sa min zama lokaci ɗaya, dole aka ɗage ɗaya, ashe matar daga ƙauye ta taho da goyo, kuɗin motar ma rantowa ta yi. Har yau in na tuna fuskarta a bakin kotu sai raina ya ɓaci. Tun daga ranar ba na riƙe sama da uku.

Kuma ki faɗa musu tun farko ke ce ba kya karɓar komai, amma akwai kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci da na motar shaidu.

Abin da zai ba ki mamaki, da yawansu ba su san a Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙo ba, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ko uwar ta sake aure kakar yaran ta wajen uwa ce a gaba, ciyarwa kuma tana nan a wuyan uba. Wata daga jin wannan sai ki ga ta fashe da kuka, shekara biyu ana ce mata ba ta da iko da 'ya'yanta.

Inda wahalar take kuwa bayan hukunci ne. Uba ya biya kuɗin ciyarwa wata biyu ya yi shiru, ita kuma ta gaji da zirga-zirga ta haƙura. Don haka ki nace a rubuta adadin kuɗin da ranar biya, a ware na makaranta da na magani daban, biyan ya bi ta rajistaran kotu ko asusun banki don a samu shaida, kuma ki karɓar mata kwafin hukuncin ta riƙe a hannunta. Ko sulhu aka yi a Hisbah ko gaban manya, a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, kar ki yarda da "ai mun yi magana".

Ranar Talata ina da zama, in kina gari ki yi min magana mu tafi tare ki zauna a baya ki gani da idonki.