Amsa: hana sunayen laburaren C fitowa fili

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka naɗe laburaren C a cikin kilas ɗinka na C++ amma duk wanda ya jawo hedarka (fayil ɗin .h naka) sai sunayen laburaren su cika masa wuri, shi ne kake son cusa #include ɗin cikin namespace, wato shingen da C++ ke killace sunaye a ciki. Don Allah kar ka yi, na taɓa gwadawa na sha wuya, macro (abin da aka yi da #define) babu ruwansa da namespace tunda preprocessor, mai sarrafa layukan # tun farko, ya gama da shi kafin compiler ya gani, kuma abin da ke cikin extern "C" sunansa ɗaya ne a wurin linker (mai haɗa fayilolin da compiler ya fitar) duk inda ka ɓoye shi, ga hedar laburaren za ta iya janyo irin su stdio.h cikin namespace ɗin komai ya cakuɗe.

Ka mayar da #include ɗin cikin .cpp kawai, a heda ka bar sanarwar struct Impl kaɗai. Ka riƙe shi da unique_ptr (pointer mai goge abin da ya riƙe da kansa), wato pimpl, dabarar ɓoye kayan cikin kilas a .cpp, amma destructor ɗin kilas ɗinka a .cpp za ka rubuta shi fa, in ba haka ba compiler zai yi ta ƙorafi.

In .so (shared library) kake haɗawa a Linux ƙara -fvisibility=hidden don ɓoye sunayen, in laburaren C ɗin static ne (.a) haɗa da -Wl,--exclude-libs,ALL, sai ka buga nm -D --defined-only a kan .so ɗin ka ga sunayen da suka rage a waje.