Tambaya da Amsa: Mace Ita Kaɗai a Ƙasar da Ba Ta Sani Ba

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga mata ne masu shirin fita waje ba tare da rakiya ba. Ga waɗanda muka zaɓa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a Turai, jirgina zai sauka wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ban taɓa fita ba, kuma babu mai tarbata. Yaya zan yi in isa masauki lafiya? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu, Allah ya sa wa karatun albarka. In tikitin nan yana canzuwa, ki nemi jirgin da zai sauke ki da rana. Awannin farko bayan sauka suna da haɗari: ga gajiya, ga akwatuna, waya babu layi, kuma duk wanda ya kalle ki ya san baƙuwa ce. In ba zai canzu ba, ki zauna a zauren filin jirgin kusa da jami'an tsaro har gari ya waye. Sai dai ki bincika tun kina gida, don wasu ƙananan filayen jirgi ana rufe su da dare.

Kafin ki tashi, ki sayi eSIM na ƙasar, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, ko ki buɗe layinki ya yi aiki a waje, ki sauke taswirar garin a Google Maps yadda za ta buɗe ko babu intanet, ki kuma rubuta adireshin masaukin a takarda da harshen ƙasar. Fawa bank ɗinki a jakar hannu zai zauna, ba a yarda a sa shi cikin akwatin da ake awo ba.

Mutumin da zai tare ki a bakin ƙofar fita yana tayin mota, har yana kai hannu kan akwatinki, ki wuce shi. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma mai kaki da ke bayan tebur za ki tambaya. Ki bi layin tasi na filin jirgin, ko ki kira mota ta manhaja irin Uber ko Bolt. In ta iso, ki gwada lambar motar da wadda ke wayarki, sannan ki tambayi direban wa ya zo ɗauka, kada ke ki fara faɗa masa sunanki. Ki zauna a baya, kuma kafin ya ja, ki buɗe ƙofar daga ciki ki sake rufewa. Akwai ɗan makullin yara a gefen ƙofar baya wanda in an murɗa shi ƙofa ba ta buɗuwa sai daga waje. In ta ƙi buɗuwa, ki ce a buɗe miki ki sauka. Fasfo da waya da katin banki su kasance a jikinki, ba a but ba. Ki tura wa na gida inda kike ta WhatsApp, wanda ke nuna motsinki na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Lambar gaggawa 112 tana aiki kyauta a duk ƙasashen Tarayyar Turai. A Ingila 999 ce, 112 ma tana shiga, a Amurka da Kanada kuwa 911.

TAMBAYA: Nakan fita saro kaya, in kwana a otel ni kaɗai. Wani dare aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce ma'aikaci ne ya zo duba na'urar sanyaya ɗaki. Ban buɗe ba, amma har yau ina jin kamar na yi rashin kirki. Daga wata 'yar kasuwa.

AMSA: Hajiya, daidai kika yi. Ma'aikacin da ba ke kika kira ba, ki ɗaga wayar ɗaki ki tambayi masu karɓar baƙi ko su suka turo shi. In sun ce ba su ba ne, su turo mai gadi. Ki riƙa tafiya da 'yar robar nan mai tsini da ake tokare ƙofa da ita ta ƙasa, domin katin ma'aikata yana buɗe kowane ɗaki, sarƙar ƙofa kuma tana iya tsinkewa in aka buge ta da ƙarfi. Ki nemi ɗaki tsakanin hawa na biyu da na shida: na ƙasa ana iya shiga ta taga, na can sama kuma tsanin 'yan kwana-kwana ba lallai ya kai ba. In mai ba da makulli ya faɗi lambar ɗakinki da ƙarfi mutane na ji, ki roƙe shi ya canza miki ya rubuta a takarda. Da kin shiga, ki ƙirga ƙofofin da ke tsakaninki da matakalar fita, don cikin hayaƙi da lalube ake tafiya.

Tunda da kuɗi kike yawo, ki raba su gida uku, kada a ga kina zaro dami a kasuwa. Mai shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗin da suka kai yuro 10,000 dole ta bayyana su ga jami'an kwastan, a Amurka kuwa abin da ya haura dala 10,000. In wani cikin farin kaya ya nuna miki kati ya ce ɗan sanda ne zai duba jakar kuɗinki, ki ce ku tafi ofishinsu a duba a can. Na bogi ba ya biyo ki.

TAMBAYA: Wata maƙwabciyata dattijuwa ta ba ni ƙullin kaya a naɗe in kai wa ɗanta. Ina jin nauyin in ce ta kwance. Daga wata matar aure.

AMSA: 'Yar'uwa, wannan nauyin da kike ji shi masu safarar ƙwaya suke amfani da shi, kuma sau da yawa ita ma mai ba da saƙon ba ta san abin da ke ciki ba. A wurin jami'an kwastan, abin da ke cikin jakarki naki ne. Saudiyya da Singafo suna yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi. Ki ce mata, "Mama, doka ce, sai na ga abin da ke ciki da idona." Ki kwance komai a gabanta, ki latsa tafin takalmi da ƙasan jaka, ki bar duk gwangwani ko kwalin da ba za a iya buɗewa ba. In ranta ya ɓaci, ya ɓaci. A filin jirgi ma, ko jakar wata ce aka ce ki riƙe ta shiga banɗaki, ki ba da haƙuri.

Wajen awon kaya, ki ɗauki hoton akwatunanki a kan sikeli, ki ƙirga 'yan takardun da aka manna miki a tikiti. Akwati biyu, takarda biyu. Ya taɓa faruwa a liƙa wa jakar ƙwaya sunan fasinjar da ba ta san da ita ba.

Maganinki na kanki ma yana iya ja miki. Tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsauri a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an kuma ɗaure matafiya a kansu. Ki bar kowane magani cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunanki da adadin da kike sha, ki tambayi ofishin jakadancin ƙasar ko sai da izini. In kuwa aka tsare ki, Allah ya kiyaye, Yarjejeniyar Biyana ta 1963, wadda ƙasashe suka ƙulla kan aikin jakadanci, ta ba ki damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarki, amma sai kin buɗe baki kin nema. Ki nemi tafinta da lauya, kada ki sa hannu a takardar da ba ki iya karantawa.

TAMBAYA: Zan iya tafiya da feshin barkono don kare kai? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Malama, ki bar shi. Ba a shiga jirgi da shi a jakar hannu, kuma a Ingila doka ta sa shi a jerin haramtattun makamai. Ki sayi usur ko 'yar ƙararrawar aljihu mai ƙara.

TAMBAYA: 'Yata za ta je taro na mako guda. Abin da ke hana ni barci shi ne a bi ta ko a sa mata wani abu a abin sha. Me zan faɗa mata? Daga wata uwa.

AMSA: Mama, ki faɗa mata in ta ji ana bin ta, kada ta nufi masaukinta. Ta tsallaka titi, in mutumin ya tsallako, ta shiga kanti ko otel mai jama'a ta gaya wa ma'aikaci. In ihu za ta yi, ta nuna mutum ɗaya ta ce masa ya kira 'yan sanda, domin taron mutane kowa jiran wani yake. Jiragen ƙasa na Dubai da Alƙahira da Delhi suna da taragon mata, ta shiga shi.

Maganin da ake zubawa a abin sha galibi ba shi da launi ko wari, kuma ko a lemo ana sa shi. Ta karɓi kwalba a rufe ta buɗe da kanta, wanda ta ajiye ta tashi kuma kada ta koma masa. In ta ji jiri da nauyin harshe ba gaira ba dalili, ta gaya wa ma'aikaciyar wurin nan take, kada ta bi namijin da ya ce zai raka ta ta sha iska.

Akwai kuma maganar da iyaye ba sa son yi, amma gara ta ji daga bakinki. In an ci zarafinta, ta tafi asibiti kafin ta yi wanka ko ta canza kaya, saboda shaida. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana kuma shansa kwana 28. Na hana ɗaukar ciki ya fi aiki a kwana ukun farko. Daga asibitin ta kira ofishin jakadanci, don haka lambarsu ta kasance a takarda cikin jakarta, tare da kwafin fasfonta.