Amsar tambayar Kawu kan shari'ar taya

Kawu, barka da war haka. Na saurari saƙonku, har ƙarar injin iska ina ji a bayanku, sai Alhamis ɗin Maigatari ta faɗo mini a rai. Kun ce an gaya muku a nan Amurka har kotu ake zuwa kan wayar cikin taya, kuma mu 'yan gida da ke aiki a masana'antu mun koyi rowar ilimi. Kame baki kam muna yi. Ko a taron suna a nan Ohayo muka haɗu, tuwo da hirar gida ne kawai, domin kowa ya sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma dabarar da ta bazu kafin a kai ta rajista tana iya kuɓuce wa mai ita.

Wayar nan da ke leƙowa idan tayar tirelar shanu ta ɓare, ita muke kira ɗamara. Hawa uku ko huɗu ake shimfiɗa ta a ƙarƙashin gaban taya, wannan ta karkata dama, ta samanta ta karkata hagu. Michelin ya yi wa irin wannan taya rajista a Faransa a 1946, ta manyan motoci ta fito a 1952. Ciwonta a gefe yake: lodi da zafin kwalta su ke sa bakin waya ya saki roba. Shi ya sa wani zai rage faɗin hawa ɗaya, wani ya sauya karkatar waya, wani ya cusa siririyar roba a tsakani, kowa ya garzaya neman takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana a kwaikwaye shi har shekara 20.

Rigimar a nan take. Dokar Amurka ta 1952 ta ce sabuntar dabara kaɗai ba ta isa a ba da takardar ba. In dai gogaggen mai sana'a zai iya hango abin daga dabarun da aka riga aka sani, ba a bayarwa. A 1966 Kotun Ƙoli ta soke takardar wani mai suna Graham a shari'arsa da kamfanin John Deere, kan garma ce ma, don sauya wa ƙarafa wuri kawai ya yi. A 2007 ta maimaita kan totur ɗin mota. To haka lauya zai ɗauko tsofaffin takardu biyu ya ce haɗa su aka yi, mai ƙirƙira kuma ya kawo sakamakon gwaji ya nuna tayar ta jure fiye da yadda kowa ya zata.

Ni ina goyon bayan wannan ma'auni, Kawu, don na ga yadda kuka koyar da yara faci ba ku karɓi sisi ba, kuma ba zan so a kulle abin da kowane mai hannu ya sani ba. Idan wata ta sake ɓarewa, ku sa yaro ya ɗauko mini hoton gefen wayar daga kusa. A gaida Inna.