Tambayi Likita: In Cire Haƙori Don Ciwon Ɓarin Kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mai ɗinki ce a Ƙofar Marusa cikin Katsina, shekarata 34. Na daɗe ina fama da ciwon kai na ɓarin dama. In ya taso sai tashin zuciya, ba na son haske, ko ƙarar kekena ba na iya jurewa, sai na saki labule na kwanta. Kwanan nan kuma muƙamuƙina yana ƙara in na buɗe baki, da safe ya yi tsami. Maigidana ya ce ina cizon haƙora cikin barci. Gwaggona ta ce turmin haƙorina na sama ne, in je a cire in huta. In cire?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki. Kada ki cire tukuna. Gwaggo ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta haɗa kai da haƙori, amma maganin da ta kawo shi ne nake tsoro, domin haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa.

Akwai wata babbar jijiya, ta biyar cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, likitoci na kiranta tirajeminal. Rassa uku gare ta: ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya haƙoran sama da kunci, ɗaya haƙoran ƙasa da naman da muke tauna da shi. Ciwon ɓarin kai, wato maigirin, ta wannan jijiyar yake bi. Kamar gidaje uku ne a kan wayar lantarki ɗaya, matsala ta tashi a gida guda, fitilar maƙwabci ta yi rawa. Shi ya sa ruɓaɓɓen haƙori kan aika zafi har gefen kai, shi kuma ciwon ɓarin kai yakan sauko ya zauna a haƙori mai lafiya. Na sha ganin wanda aka cire wa turmi, bayan sati biyu ciwon ya dawo a na kusa da shi.

Abin da kika bayyana, tashin zuciya da gudun haske da gudun ƙara, ya fi kama da ciwon ɓarin kai na ainihi. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba, ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma yakan bi dangi. Muƙamuƙi bai cika zama tushensa ba, amma yana tsokano shi, ya sa ya riƙa zuwa a kai a kai. Nan ne maganar maigidanki ta yi amfani.

Sa yatsa a gaban kunnenki, ki buɗe baki a hankali. Abin da kika ji yana motsi shi ne mahaɗin muƙamuƙi. Yanzu ɗora tafin hannu a gefen kai, sama da kunne, ki cije haƙora. Naman da ya kumburo, shi ke kwana yana aiki in kina cizon nan, gari ya waye ya gaji. Gwada kuma jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In sun ƙi shiga, ko bakin ya karkace wajen buɗewa, ki faɗa wa likita. Ƙarar kaɗai, in ba zafi, ba abin tashin hankali ba ce.

Sana'arki ma da hannunta a ciki. Na san telolinmu: zare a yanke da haƙori, allura a riƙe a leɓe, wuya a sunkuye tun hantsi har la'asar, balle an doshi salla. Ki bar wa almakashi aikinsa. Ki ɗan huta da cingam, goro, rake, busasshiyar aya da kilishi na makonni kaɗan, ki riƙa gasa gefen fuskar da tsumma mai ɗumi. In kina zaune, leɓe a rufe, amma haƙoran sama kada su taɓa na ƙasa.

Ki je sashen haƙori na asibitin gwamnati a duba, a ɗauki hoto in da buƙata. In akwai kogo ko ƙurji a dasashi, a yi maganinsa. In cizon dare ne, akwai robar da ake aunawa daidai bakin mutum ya riƙa kwana da ita. Sannan ki ga likitan jiki kan ciwon kan, don yana da magungunansa daban, har da na rigakafi. Ki tafi da 'yar takarda da kika rubuta ranakun da ya taso, abin da kika ci, barcinki, da lokacin al'ada.

Ba ki ambaci ƙwayoyin kemis ba, amma ki ƙirga. Shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗi da kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) ko kodin kwana 10, shi kansa yana mai da ciwon kai na kullum.

Amma in ciwo ya sare ki farat ɗaya irin wanda ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar ɓarin jiki, ko harɗewar harshe, ko fuska ta kumbura har haɗiya ta yi wuya, kada a jira gari ya waye, a kai ki asibiti. Allah Ya ba ki lafiya, ki gaishe min da Gwaggo.